Littafin Gidan Haya

Ni ke riƙe da littafin.
Kawu Mutari yana Yamai, gidansa yana Tudun Jamus:
ɗaki huɗu, tsakar gida ta siminti,
lemun tsami guda a gefen rijiyar da ta daɗe da ƙafewa.
Masu hutu kan kama shi kwana uku, kwana bakwai,
dangin ango daga Agadas,
likitan da ya zo gaida tsohuwarsa
amma ba ya iya barci a ɗakin da aka haife shi,
ƴan furoje masu farar mota.

Kowane baƙo layi ne a wurina.
Ranar shiga, ranar fita, jika nawa.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
Fanna, shara da wanki, jika ɗaya da rabi.
Baba Kiyari, gadi, sai wata ya mutu.

Kawu ya ce, in baƙo ya fita a sallame ta,
in babu baƙo, me ta share?
Gizo-gizo bai ji wannan doka ba,
ƙadangaru kuma ba su da salula.
Wata guda gidan yana kulle,
duk Talata Fanna na zuwa
ta kakkaɓe, ta buɗe tagogi katifu su sha iska,
ta koma Garin Malam a ƙasa.
Ban rubuta ba. Babu gurbinsa.

Kun san fanfon Damagaram.
Yakan yi tari tsakar dare, ya tofa, ya yi shiru.
Baba Kiyari da kunne ɗaya yake barci,
ƙarfe uku yana tsugune yana jera jarkoki,
da safe baƙo ya yi wanka har da waƙa,
ya fito yana cewa, ashe ƙarya ake wa garin nan.
Ran da fanfo ya ƙi tarin,
Fanna ke kwance bakin zaninta ta biya ɗan garuwa,
don zanin gado ba ya jiran Kawu ya ɗaga waya.

Makon jiya wasu suka tashi.
Yajin kilishi a kan matashi,
lalle a jikin tawul, bayi kuwa sai wanda ya gani.
Suka aika wa Kawu saƙo:
mun tarar da gida tsaf, kamar ba a taɓa shigarsa ba.
Kawu ya turo min, har da hoton babban yatsa.
Na karanta wa Fanna.
Ta ce madalla,
tana duban tafin hannunta inda ruwan jabel ya ci.
Sannan ta miƙo min jika biyar a ninke:
ƙarƙashin katifa ta tsinta,
ba ta san ko kyauta ce ko mantuwa ba.

Na kira baƙon, bai ɗauka ba.
Na kira Kawu, ya ce a zuba a kuɗin kuran.

Daren nan na hau dutsen bayan gida,
bai gama hucewa da zafin rana ba.
Tun muna yara ake faɗa mana
a biya mai aiki kafin guminsa ya bushe.
A garin nan gumi kan bushe
kafin ka jingine tsintsiya,
wataƙila shi ya sa muke mantawa.

Na ja sabon layi da bik, ban tambayi kowa ba.
Talata huɗu.
Garuwa shida.
Dare goma sha ɗaya a bakin fanfo.
Na haɗa, na sake haɗawa.
Jika biyar ba ta kai ba.
Na ɗauki hoton shafin na tura Yamai.

Alamar ta yi shuɗi tun bayan isha'i.
Har yanzu bai ce komai ba.
Takardar na aljihuna yadda Fanna ta ninke ta,
ta fi tarin makullan nauyi.
Can cikin gida na ji fanfo ya yi tari,
na ji jan takalmin Baba Kiyari.

Gobe Talata.